Giginya da Burmi: Yadda Malaman Sakkwato Suka Fahimci Musibar 1903

Gabatarwa

Da safiyar ranar 15 ga watan Maris na shekarar 1903, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ta ja daga a filin Giginya, a bayan ganuwar Sakkwato. A gabanta akwai sojojin Ingila, waɗanda mafi yawansu baƙaƙen fata ne da aka ɗauka aikin soja, ƙarƙashin ƴan tsirarun hafsoshi Turawa, ɗauke da igwa da bindigogi masu ruwan harsashi. Kafin rana ta take tsaka an watse. Shekara 99 ke nan cif tun daga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu.

Faɗuwar birni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya sa wannan ta fita daban shi ne tambayar da ta bari a zukatan mutane. Idan an kafa wannan daula ne domin ɗaukaka addinin Allah, don me Allah ya ba Nasara nasara a kanta? Kuma mene ne ya wajaba a kan mumini bayan abin ya auku? Malaman da suka amsa waɗannan tambayoyi ba a zaure suka amsa su cikin natsuwa ba. Sun amsa su ne a kan hanya, cikin zafin bazara, da mata da yara a bayansu suna jiran a ce musu a tafi ko a koma.

Hadarin da ya daɗe yana haɗuwa

Labarin Turawa ya riga su isowa Sakkwato da shekaru. A 1897 sojojin kamfanin Ingila mai ciniki a kogin Kwara suka ci Bida da Ilori. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Arewa da Adar tana ƙone garuruwa, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta da shi ba. A cikin shekarar ce Damagaram ta faɗi, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1900 Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri. Yola ta faɗi a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita ya ci gaba da faɗa da Jamusawa a Garwa da Marwa. Bauci da Zazzau suka bi baya a 1902, sannan Kano a ranar 3 ga Fabrairun 1903.

Can a ƙasar Gana ta yau, Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan Kete-Krachi, yana bin wannan al'amari da alƙalami. A waƙoƙinsa na Larabci da na Hausa ya jero garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lissafin mamata. Ke nan, mutanen Sakkwato sun ga gemun maƙwabta ya kama wuta tun da wuri. Abin da suka rasa shi ne ruwan da za su shafa wa nasu.

A cikin gida ma ba lafiya lau ake ba. Cutar bushiya ta halaka shanu masu ɗimbin yawa a farkon shekarun 1890. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, ta zubar da jinin Musulmi a hannun Musulmi, kuma zaɓin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yi wa Kano ne ya kunna ta. Da Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, Attahiru ya gaji daular da ta riga ta zama tsibiri.

Fuskoki uku na musiba

Malaman wannan zamani sun gaji hanyoyi uku na karanta kowace musiba, kuma duk ukun sun yi aiki a 1903.

Ta farko ita ce ɗaukar musiba a matsayin horo. Alƙur'ani ya koyar da cewa abin da ke samun mutane na wahala yana da nasaba da abin da hannayensu suka aikata, kuma ba a canja wa jama'a halin da take ciki sai ta canja nata halin. Wannan karatu yana da tsohon tushe a cikin jama'ar Shehu. Tun a 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar fagen jihadi ya nufi gabas, saboda ya ga hankalin mutane ya koma kan sarauta da dukiya da bayi. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu littafinsa na hukuncin mulki, daga baya ya koma gida. Wanda duk ya san kukan Abdullahi, kuma ya ga basasar Kano da farmakin kama bayi irin na Kwantagora, ba zai sha wahalar cewa laifin gida ne ya buɗe wa baƙo ƙofa ba.

Ta biyu ita ce ɗaukar musiba a matsayin jarrabawa. Abin koyi a nan shi ne yaƙin Uhudu, inda aka karya Musulmi alhali Annabi (SAW) yana cikinsu. Ayoyin surar Ali Imrana da suka yi magana a kan wannan rana sun nuna cewa nasara da kaye abu ne da ake juyawa tsakanin mutane, domin a rarrabe mai gaskiya da mai da'awa. A wannan karatu, shan kaye ba hujja ba ce cewa mutum yana kan ɓata.

Ta uku ita ce ɗaukar musiba a matsayin alamar ƙarshen zamani. An daɗe ana riwaya cewa jama'ar Shehu za ta tashi wata rana ta yi gabas, ta haɗu da Mahadi a wajen kogin Nilu. Wannan zance ya yi ƙarfi har Maryam ƴar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba tukuna, a hana mutane tashi. Da Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a ya kafa zango a Balda, a arewacin Kamaru ta yau. Sakkwato ba ta karɓi wannan da'awa ba. Amma da Nasara suka kewaye ƙasa ta kowace kusurwa, mutane da yawa suka ce alamomin da ake jira sun cika.

Fassarar musiba ba ta wadatar da mai iyali ba, domin dole ya san inda zai sa gaba gobe da safe. A nan ne malamai suka rabu gida biyu.

Hujjar masu hijira

Tun kafin yaƙin Giginya, Alƙali Abdullahi ya rubuta wata wasiƙar nasiha ga mutanen zamaninsa. Ya auna hanyoyi uku da shari'a ta sani idan abokan gaba suka fi ƙarfi: yaƙi, da sulhu, da hijira. Ya ce sulhu yana halatta ne idan na ɗan lokaci ne kuma Musulmi suna nan da hukuncinsu a hannunsu. Sulhun da zai kai ga hukuncin kafiri ya hau kan Musulmi ba shi da gurbi, kuma abin da ya faru a garuruwan da aka riga aka ci ya nuna cewa Nasara ba baƙin wucewa ba ne. Idan kuwa babu ikon yaƙi, abin da ya rage shi ne a tashi.

Hujjarsa tana da nauyi domin a kanta aka gina daular tun farko. Shehu da kansa ya wallafa littafi a 1806 a kan wajabcin hijira, yana kafa hujja da ayar surar Nisa'i wadda ta zargi waɗanda suka zauna cikin rauni alhali ƙasar Allah tana da faɗi. Idan kakanni sun bar Ɗegel saboda sarkin Gobir, da wane ido jikoki za su zauna ƙarƙashin Nasara? Sarkin Kano Aliyu ma ya rubuta wa Wazirin Sakkwato cewa bai ga wata dabara da ta fi wa Musulmi amfani ba kamar a bar ƙasar baki ɗaya.

Attahiru ya karkata ga wannan ra'ayi, amma manyan fada suka rinjaye shi aka tsaya aka yi yaƙi. Bayan Giginya sai ya ɗauki hanyar gabas da ƴan mutane kaɗan. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, ya nufi Misau da kogin Gongola. Duk inda ya wuce sai mutane su bar gonakinsu a bakin damina su bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Etsu Nupe Abubakar yana cikin tafiyar, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim da sauran Tijjanawan da Faransawa suka koro daga yamma. Wannan kwarara ta mutane ce ta tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin kansa, domin ƙasar da babu manoma ba ta biyan haraji. Attahiru ya aika musu cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya yake so ya wuce. Ba su bar shi ba.

Hujjar masu zama

Waziri Muhammadu Buhari ya fita daga Sakkwato a ranar yaƙin kamar kowa, ya sauka a Marnona tare da jama'a mai yawa. A can ya tara malaman da ke tare da shi ya nemi fatawa. Abin da suka duba na zahiri ne: ruwa ya yi ƙaranci a hanyoyi, wasu ma babu shi sam, zafi ya tsananta, kuma Nasara sun tare mafita. Fitar da dubban raunana cikin wannan hali daidai yake da kai su ga halaka. Suka koma ga littattafai, suka sami cewa malamai, har da Shehu, sun halatta wa Musulmi su sassauta wa kafiri da harshe idan suna tsoron cutarwarsa, muddin zuciya tana nan a kan imani. Asalin wannan hukunci aya ce a surar Ali Imrana. A kan haka Waziri ya koma birni ya sadu da Turawa. Ranar 21 ga Maris Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi, ya kuma yi alƙawarin ba zai taɓa addini ba.

Fatawar ba ta kwantar wa Waziri da hankali ba, kuma wannan ne ya sa labarinsa ya fi taɓa zuciya. A cikin risalar da ya rubuta wa ma'abota ilimi da tunani, ya bayyana cewa tsoro ya kama shi kada abin da ya yi ya zama ridda. Mutumin da ya fi kowa sanin sirrin daula, jikan Giɗaɗo da Nana Asma'u, ya wayi gari yana tuhumar imanin kansa. Sai ya rubuta wa Malam Ahmadu ɗan Sa'adu yana neman ya faɗa masa gaskiya.

Amsar Malam Ahmadu ta tsaya a kan tarihi. Ya tuna masa da Ƙaramiɗawa, waɗanda suka shiga Makka a shekarar 930, suka kashe alhazai, suka ciro Hajarul Aswad suka tafi da shi, ya yi shekara 22 a hannunsu kafin a mayar da shi. Ya tuna masa da Tattar, waɗanda suka ƙone Bagadaza a 1258 suka kashe halifa, duniyar Musulmi ta zauna shekara uku babu halifa har aka tsayar da wani a Alƙahira. Idan irin wannan ya sami Ɗakin Allah da birnin halifofi kuma addini bai ƙare ba, Sakkwato ba ta fi su alfarma ba. Ya ƙara da cewa Nasara mulki da dukiyar duniya suke nema, ba su hana salla da azumi da zakka da hajji ba. Sannan ya kawo hujjar da ta fi kowace kaifi: idan malamai da shugabanni duka suka tafi, ƙasar da aka sha wahala aka musuluntar za ta koma ƙasar kafirci, kuma raunanan da ba su iya tafiya za su zauna babu mai koya musu ko alwala.

Abin lura a nan shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan ƙaddara ba. Duka sun yarda cewa abin da ya faru da iznin Allah ya faru, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin dalilin naɗe hannu. Saɓaninsu yana kan abin da za a fara ceta. Masu hijira sun ga cewa imani ba ya zama lafiya a ƙarƙashin hukuncin wanda bai yarda da shi ba. Masu zama sun ga cewa imani yana rayuwa ne a cikin mutane, don haka duk inda mutanen suka rage nan ne wurin tsaronsa.

Burmi da abin da ya biyo baya

Burmi gari ne mai ganuwa a kusa da Gongola, wanda Malam Jibrilla Gaini ya mayar da shi cibiyar Mahadiyya kafin Turawa su kama shi a 1902. Ranar 13 ga Mayun 1903 wata rundunar Ingila ta kai wa garin hari, aka kora ta da raunuka. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Aka wuni ana faɗa. Attahiru ya faɗi tare da mutum fiye da 600 na jama'arsa, kuma kibiya ta kashe Manjo Marsh, jagoran maharan.

Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Suka ratsa ƙasar Cadi ta yau, wasu suka mutu a hanya, wasu suka zauna a garuruwan da ƙarfinsu ya ƙare. Bayan ƴan shekaru suka isa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Alfa Hashim ya wuce har Madina, ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma. Sai dai Sudan ɗin da suka isa ta riga ta shiga hannun Ingila tun bayan yaƙin Omdurman na 1898. Mutanen da suka bar gonakinsu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara sun sami kansu ƙarƙashin Nasaran, kuma da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, da yawa daga ƴaƴansu suka zama ƴan ƙwadago a gonakin audugar Jazira.

Satiru

Masu zama ma sun biya nasu farashin, kuma bai daɗe ba aka kawo musu lissafin. A ƙarshen 1905 wani makahon malami da ake kira Ɗan Makaho ya tayar da bore a kan Faransawa a Kobkitanda, a ƙasar Dosso. Da aka murƙushe su ya tsallako zuwa Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato wanda talakawa da gudaddun bayi suka cika. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanyu da kibau, suka karya wata rundunar Ingila, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu. An kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe ƙauyen, aka kwashe mata da yara, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Dakarun sarakunan Sakkwato suna gefen Turawa a wannan rana.

Fatawar Marnona ta halatta sassauci da harshe ne kawai. Shekara uku bayanta, sassaucin ya kai ga takobi a kan Musulmi. Gaskiya ne fadar Sakkwato ta ɗauki da'awar Mahadiyyar Satiru a matsayin ɓata da fitina tun kafin wannan rana. Duk da haka, abin da Alƙali Abdullahi ya ji tsoro ke nan: wanda ya karɓi rawani daga hannun mai ƙarfi, wata rana za a nemi ya biya.

Satiru ta kuma tona wani abu da muhawarar malamai ta tsallake. Ga bawan da ke noma a rinji, musiba ba a 1903 ta fara ba. Bayi da yawa sun yi amfani da rikicin shekarun nan suka gudu, wasu suka koma garuruwan da aka kamo su. Ranar da Waziri yake kuka da ita, ita ce ranar da wani ya ga ƙofa a buɗe. Wannan bai wanke kisan Ƙonni ko na Burmi ba, amma yana nuna cewa tambayar Abdullahi ɗan Fodiyo ta 1807 ba ta sami amsa ba har Turawa suka iso.

Kammalawa

Al'ummar da ta biyo baya ba ta yanke hukunci tsakanin mutanen biyu ba. Ta riƙe Attahiru a matsayin shahidi, ta kuma ci gaba da zama a cikin gidan da Waziri ya hana ya rushe. Makarantun allo da na ilimi ba su rufe ba, alƙalai suka ci gaba da hukunci gwargwadon abin da aka bar musu, kuma Musulunci ya yaɗu a zamanin Turawa zuwa wuraren da jihadi bai kai ba.

Malam Ahmadu ya yi wa Waziri albishir cewa wannan ma zai wuce kamar yadda na Ƙaramiɗawa da na Tattar suka wuce. Ya ɗauki shekara 57. Waziri Buhari ya rasu a 1910 bai gani ba. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a shekarar Satiru, shi ne yake riƙe da wazircin Sakkwato a 1960 da aka sauke tutar Ingila, kuma ya ƙare rayuwarsa yana tattara littattafan kakanninsa yana rubuta tarihinsu. A Mai Wurno har yau ana jin Fulatanci da Hausa a bakin Nilu. A Burmi kuwa, kusa da Bajoga a jihar Gombe, ganuwa ta zama tudun ƙasa, kuma kabarin Attahiru da na Manjo Marsh suna nan a fili guda, ba su da nisa da juna.